Kwalbar Barba Gaspar

Lavrik, farkon Afrilu

Nives,

Ke da kika yi karatun ƙanƙara har aka ba ki digiri a kanta, faɗa mini, wa ya riƙe igiyar? Ba wanda ya rubuta lambar a littafi nake nufi ba, shi kowa ya san shi, an sa wa tsauni sunansa, an sa wa mashigin ruwa. Wanda ya durƙusa a bakin ramin da aka fasa a ƙanƙara yana zura dalma zuwa ƙasan teku, fatar tafinsa tana bin igiyar, shi nake tambaya. Kin san sunansa?

Nona, kakata, ta leƙo ta bayana ta ce ɗan mutane ba ya buɗe wasiƙa da faɗa. To, ina gaishe ki. Dinko ne, jikan Perina, ƙanwar kakanki. Rabonki da ni tun ranar da kuka kawo gawarsa daga Jamus, ina ɗan yaro mai majina, na zubar miki da miya a riga. Yanzu ni ne mai kama igiyar jirgin fito ranar da ya ga dama ya zo tsibirin nan. Nona tana nan da ƙarfinta, sai gwiwoyi. Ta ce in gaya miki ɓaure ya yi toho, kuma har yau ba ta yafe wa kakanki tafiyar da ya yi ba.

Na ga sunanki a jarida cikin masu ba kwamiti shawara kan bikin cika shekara ɗari da hamsin da tafiyar ƙanƙara, can ƙarshen arewacin duniya. Wai za a kafa dutse don tunawa da ƙananan ma'aikatan jirgin. A ina? A birni, a gaban otal-otal, inda baƙi za su jingina da shi suna lasar askirim. Tun da aka rufe makarantarmu na karance duk abin da aka bari a kabad, har da ƙaton littafin tafiyar nan da ɓeraye suka fara kafin ni. Hafsoshi shafi bayan shafi, har abin da suka ci ranar Kirsimeti, har sunayen karnukansu. Mutanenmu kuwa layi ɗaya, wai ma'aikatan sun yi juriya. Karnuka suna da suna, Nives, kakan kakanki ba shi da shi.

Gaspar ne sunansa, Barba Gaspar, kamar yadda muke kiran dattawa a nan. Daga gidan da nake rubuta miki wannan ya fita. Da ƙanƙara ta kama jirginsu ta ƙi saki, suka bar shi suka dinga jan ƙananan kwale-kwale a kan ƙanƙarar da ƙirjinsu. An ce kowa ya ɗauki abin da ba zai iya rayuwa ba sai da shi. Barba Gaspar ya fasa ƙanƙara daga jikin jirgin ya cusa a kwalba, ya yi wa Uwargida Maryamu alkawari idan ya ga Lavrik da idonsa zai kawo mata. Ya kawo. Tana nan a cocinmu, Nona ce mai kula da ita, kuma duk idin tsakiyar Agusta da ita ake sa wa jiragen kamun kifi albarka.

Mun ragu, ba mu cika coci ko rabi. Amma dutsen nan namu ne. Ki gaya wa kwamitinku haka, ko ki gaya mini abin da ya sa ba za ki iya ba.

Dinko

*

Arewacin Jamus, Mayu

Dinko,

Na gode da gaisuwar da aka tilasta maka. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da ni a garin nan. Ka sumbaci hannun Teta Perina a madadina. Rigar nan ba ta fita ba, amma na yafe.

Ban san sunansa ba. Na zauna da wasiƙarka a hannu na ji kunya. Lambobin nan da suka rubuta, na zurfi da na sanyi da na kaurin ƙanƙara, da su nake cin abinci. Duk abin da muke cewa game da yadda arewa ta canza, da awonsu muke gwadawa, don kafin su babu wanda ya auna komai a can. Na san rubutun hannun hafsan kamar na mahaifina, ban taɓa tambayar wa ya jawo igiyar ba.

Kwalbar kuwa na san ta! Kakana yana da hotonta a jikin madubi, koriya, an toshe bakinta da jan kaki irin na kyandir. Na ɗauka tuni ta fashe. Dinko, ka san abin da ke hannunku? Ruwan ƙanƙarar can, a rufe tun kafin hayaƙin masana'antu ya kai wurin, tun kafin a yi gwajin bama-bamai a sama. Ban san akwai irinsa a ko'ina ba. Da na faɗa wa Furofesa, shugaban kwamiti, sai da ya tashi daga kujera. Ya ce idan gwaji ya tabbatar, babu mai ja da cewa a kai dutsen Lavrik, a yi bikin a can.

Za su aiko direba da akwati na musamman ya kai ta ɗakin gwaji. Ka lallashi Teta. Akwai tafiyar jirgi a gabana cikin bazara, amma ina nan har a gama wannan.

Nives

*

Lavrik, Yuni

Nives,

Ina gaishe ki, Allah ya raba ki da mura. Nona ta ce ki dafa ganyen da na sa miki a ambulan ki sha da zuma, likitocin Jamus ba su san komai ba.

Da na karanta mata inda kika ce kwalbar a rufe take tun zamanin Barba Gaspar, dariya ta yi har da tari. "Wannan kakin ai na bara ne," in ji ta, "da kyandir ɗin limaminmu Don Mate na yi shi."

Kakanki bai taɓa gaya miki ba? Duk shekara ana fasa kakin, a ɗiga wa kowane jirgi a goshi. Da yamma mai kula da kwalba ta ɗebo ruwan sama daga rijiyar tsakar gari ta cika ta, ta narka sabon kaki ta toshe. Ciyar da kwalba muke kiransa. Doka ɗaya ce tak, kada a taɓa barin ta ƙare. Muddin da saura a ciki, sabon ruwa ya shiga cikin tsoho ya zama shi. Kakar Nona ta yi, uwarta ta yi, ko shekarar yaƙi da sojoji suka kwana a cocin, a cikin zani aka ɓoye ta aka ciyar da ita.

Na san abin da za ki ce. Ni ma na yi karatu, na san ruwan Gaspar ya tsinke a cikin namu. Amma ba ku ne kuke alfahari injinanku suna gano ɗigo ɗaya a cikin kogi ba? To, ga ɗigon nan, ku nemo shi.

Da ƙyar Nona ta yarda. "Abin da aka ba Uwargida ba ya hawa jirgi," ta ce.

"Nona, ai a jirgi ya zo."

"Rufe mini baki, ɗan banza mai bakin reza. Littattafan nan sun cinye maka kai."

"Za a rubuta sunan kakanki a dutse. Za a karanta shi da lasifika, ministoci suna tsaye."

Sai ta ce, "Da ƙarfi za su faɗa? Kunnena na hagu ya mutu."

Direban ya zo da akwati mai soso a ciki. Na zaunar da shi na yi masa bayanin ciyarwa daga farko. Ya cinye mana cuku da zaitun, ya share baki ya ce, "Ɗan'uwa, ni direba ne. Jiya gawar kifi na kai musu, yau kwalba." Shi ya sa nake rubuta miki, ke ce kika san yarensu. Sharaɗi biyu, daga bakin Nona: kada su juye ta duka, ko cokali ɗaya ne su bari a ciki. Kuma ta dawo kafin idin Agusta. Na sa hannuna a kan giciye na rantse mata da sunanki.

Dinko

*

A cikin jirgi, can arewa, Yuli

Dinko,

Gaisuwa daga inda rana ba ta faɗuwa. Murar ta tafi. Yaya gwiwoyin Teta? An matso da tafiyarmu ba zato, na bar ofis tun ƙarshen Mayu. Ban ji daga gare ka ba kafin in taso, ina fata ba fushi ba ne. An aiko mini saƙo cewa kwalbar ta isa lafiya, abokan aikina za su yi gwajin ba sai na dawo ba. Wannan takardar zan ba wani da zai sauka a tashar da za mu sha mai.

Shekaranjiya muka tsaya daidai inda jirginsu ya maƙale. Na duba lambobin hafsan na sake dubawa. A nan ne ƙanƙara ta matse katakon jirgin har suka riƙa kwana da takalma a ƙafa. Dinko, babu ƙanƙara. Ko ta jefawa a kofi babu. Ruwa ne baƙi, shimfiɗe, har iyakar gani. Na tsaya a waje ba safar hannu. Mun zura na'urarmu da injin, ta sauka ta dawo kafin shayina ya huce, aikin da ya ci musu yini da fatar hannu.

Na faɗi sunan Gaspar a wurin, da ƙarfi. Wani abokin aikina ya ɗauka kiransa nake. Ban san ko hakan ya amfani kowa ba.

Ka ga dalilin da ya sa kwalbar nan take da daraja? Abin da ke cikinta ya ƙare a nan inda aka ɗebo shi. Ka ce wa Teta ta tanadi rigar biki.

Nives

*

Lavrik, bayan idi

Nives,

Lafiya lau, idan lafiya ita ce numfashi. Nona ba ta ce a gaishe ki ba, ni ma ba zan ƙirƙira ba.

Wasiƙarki ta jirgi ta iso ana saura mako a yi idi. A nan na gane tawa tana kwance a teburinki a Jamus, ba a ko buɗe ta ba. "Ina nan har a gama wannan," haka kika rubuta. Na hau dutsen bayan coci inda waya take kamawa, na kira ɗakin gwajinku. Wata murya ta ce an tafi hutun Agusta. Na kira ofishin kwamiti, an tafi hutun Agusta. Na kira direban, ya ce yana bakin teku da 'ya'yansa, in kira bayan hutu. Duk nahiyar nan ta tafi wanka da kwalbarmu a kulle a ɗaki.

Ranar idi aka jera jiragen a bakin gaɓa kamar kullum, an yi musu fenti, an ɗaura furanni. Nona ta sa baƙar rigarta ta sauko, ina riƙe da ita. Ta zauna a kujerar da take zama duk shekara, hannuwanta a cinya, a buɗe, kamar tana riƙe da abu. Don Mate, limaminmu, ya zo da bokitin ruwan albarka na coci yana murmushin dole.

Barba Zvane, wanda ya fi kowa tsufa a masu fita teku, ya tare goshin jirginsa da hannu. "Don Mate, wannan na jarirai ne da gawa. Ina ruwan Gaspar?"

"Duk ruwan Allah ne, Zvane."

"To ka sha. Jirgina ya san nasa." Ya juyo gare ni. "Kai, malamin kabad, an ce kai ka sayar."

"Ban sayar ba, Barba, aro na bayar."

"Aro! Makaranta ma aro suka ce, da suka kwashe kujerun. Likita ma aro."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a garin nan ba, na koma gefen kujerar Nona na tsaya. Da yamma Barba Zvane ya kira mu muka jawo jirginsa kan tudu, ya kife shi. Ya ce ba ya fita ba albarka. Ɗansa da ke birni ya daɗe yana neman dalilin ɗauke shi, yanzu ya samu.

Lokacin ciyar da kwalba Nona ta je rijiya ta ɗebo ruwa a ɗan tulunta, don ƙafarta ta saba. Ta tsaya da shi a tsakar gida, sannan ta zuba wa ɓaure.

Ban damu da dutsenku ba yanzu. Ku dawo mata da kwalbarta, da abin da ke ciki.

Dinko

*

Arewacin Jamus, ƙarshen Satumba

Dinko,

Na sauka jiya. Ina fata Teta tana cin abinci. Ban san yadda zan gaishe ka ba.

Wasiƙunka biyu na tarar a kan tebur, ɗaya a kan ɗaya, ganyen ya bushe a cikin ta farko. Na karanta a tsaye, na ruga ɗakin gwaji da jakata a kafaɗa. Na makara da fiye da wata guda.

Ba zan ɓoye maka komai ba. Tun a Yuli suka yi aikin. Gwaje-gwajen suna cin ruwa da yawa, kuma da sakamakon farko ya ba su mamaki sai suka maimaita, suka sake maimaitawa. Ruwan sama ne na shekarun nan, da ɗan gishirin iskar teku da burbushin kaki. Ɗigon da ka ce mu nemo, babu injin da zai gan shi. Ɗan abin da ya rage suka zubar, suka wanke kwalbar suka busar da ita, don haka ake yi wa duk abin da za a mayar. Ba mugunta suka yi ba. Ba wanda ya gaya musu, kuma ni ce ya kamata in gaya musu. Ni na ga kaki a hoto na yanke hukunci ban tambaya ba.

Furofesa ya riga ya faɗa wa 'yan jarida labarin kwalbar, yanzu ba ya son jin sunan Lavrik. Dutsen zai tsaya a birni, za a buɗe shi a Nuwamba. Na roƙi a sa sunayen ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, aka ce an riga an sassaƙa, wuri bai isa ba.

Abu ɗaya nake da shi. Ranar da muka tsaya a wurin nan na ɗebi ruwa don kaina, daga daidai inda jirginsu ya tsaya. Na haɗa shi da kwalbar a akwati ɗaya. Ko Teta za ta yarda a fara da shi?

Nives

*

Lavrik, Oktoba

Nives,

Nona ta ce a gaishe ki, wannan karon da bakinta. Ta ce ke yarinya ce, ba ki sani ba. Ni ba ta ce mini komai ba, kuma gara ta zage ni. Ta rage cin abinci. Barba Zvane ya tafi birni ranar Talata, ni na kama wa jirgin da ya ɗauke shi igiya.

Akwatin ya iso. Ban taɓa ganin kwalbar nan da tsabta haka ba, har ana ganin mutum ta cikinta. Sun manna mata 'yar takarda mai lamba. Nona ta ɗaga ta saitin taga, ta jijjiga a kusa da kunnenta mai ji. Ta kife ta a tafin hannu ta jira. Ta daɗe tana jira.

Na ba ta robar ruwanki, na karanta mata abin da kika ce. Ta buɗe, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana.

"Da ƙanƙara a wurin?"

"Babu, Nona. Ta ce duk ta narke."

"To wannan ruwan teku ne. Muna da shi a ƙofar gida." Ta mayar da murfin. "Kakana ƙanƙara ya yi alkawari, ƙanƙara ya kawo."

Na ce mu cika ta daga rijiya mu toshe, wa zai sani? Ta dube ni kamar na zagi uwarta. "Ciyarwa ake yi wa mai rai, Dinko. Ni ba zan yi wa teku ƙarya ba, maza ne suke hawa kanta." Ta kai kwalbar coci ta ajiye a gurbinta, baki a buɗe.

Na san rabona a ciki. Na ji kin ce a rufe take, na san ba haka ba ne, na bayar duk da haka don ina son in ji an faɗi sunan nan da lasifika. Wannan tsakanina da Nona ne, kullum da safe ina ganinsa a fuskarta. Amma kada kowa ya ce mini ba wanda ya yi laifi. Mata uku, ba wadda ta gama firamare, sun riƙe kwalbar nan shekara ɗari da hamsin, da yaƙi da yunwa da ƙaura, ba ta taɓa bushewa ba. Ta shiga hannun masana bazara ɗaya. Kuma kin ce can arewa ma haka aka yi, an auna, an rubuta, an sake aunawa, har abin ya ƙare ana riƙe da alƙalami.

Zan zo bikin Nuwamba. Nona ta ce in ɗauki kwalbar, yanzu ba ta Uwargida ba ce, kwalba ce kawai, tana iya hawa jirgi. Zan tsaya a gaba, a inda masu hoto suke, in kife ta a kan dutsen nan kowa ya ga abin da zai fito. Ba na son wasiƙar ban haƙuri, ba na son a ja ni gefe a ba ni kofi. Ki gaya wa Furofesa ya shirya. Kafin ya ja ƙyallen da aka rufe dutsen, ya tsaya a gaban lasifika, a gaban ministocinsa, ya amsa mini abu biyu da ƙarfi, yadda mai kunne ɗaya za ta ji a rediyo daga Lavrik. Wa ya riƙe igiyar? Kuma da me za mu sa wa jirage albarka baɗi?

Dinko